Goran Waken da Na Ba Adda Ajiya

Akwai wata waƙa da muke yi a zumuntar mata ta cocinmu, mai maganar cika alkawari. Da zarar an ɗaga ta sai in ja bakina in tsuke. Matan da ke zama kusa da ni sun ɗauka tsufa ne ya cinye mini murya. Ba tsufa ba ne. Murya tana nan daram, a tambayi jikokina ranar da suka bar ƙofa a buɗe awaki suka shigar mini ɗaki. Haushi ne ke rufe mini baki, kuma yau zan faɗi dalilinsa, wanda zai ji zafi ya ji.

Maganar daga wake ta faro. Mahaifiyata 'yar duwatsun Michika ce, kuma tana da wani irin wake da ta gada wurin tata uwar, ƙanana, ja-ja, mai baƙin ido. Yana nuna tun sauran wake suna fure, ba ya kuma cin itace wajen dahuwa. Shekarar da aka raba Gongola aka ba mu Adamawa, a shekarar aka kai ni gidan miji a Digil. Sauran amare aka haɗa su da kwanuka, ni uwata ta ƙulle mini waken nan a bakin zane ta ce in na bar shi ya ɓace, kada in zo mata da kuka. Na shekara da shekaru ina duba tiren masu wake a kasuwar Mubi, ban taɓa ganin irinsa ba.

Mutanenmu na dutse suna da wata al'ada. Bayan girbi, mace takan zaɓi mafi kyau daga irinta, ta cakuɗa da toka da busasshen barkono saboda ƙwari, ta zuba a gora ta liƙe bakin da laka, ta kai wa wata mace a wani ƙauye ta ajiye mata. Ita ma waccan ta ba ta nata. Dole ƙauyen ya zama daban, don wutar da ta ci rumbunki kada ta ci ajiyarki. In shekara ta zagayo lafiya, sai a kawo sabo a karɓi tsoho.

Tawa abokiyar ajiyar tana Bahuli. Ta girme ni, don haka Adda nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata. A taron zumunta muka haɗu. Mace ce doguwa marar yawan magana, irin mutanen da in sun ce za su zo da hantsi, to, ki share tsakar gida tun da safe. Ni kuwa kowa ya san ni da baki. Ta ba ni goran gujiyarta, na ba ta goran wakena.

Uwar zumuntarmu ta lokacin, Allah ya ba ta hutawa, mace ce mai zafin addini. Da ta ji mata suna ta ƙulla ajiya sai ta ce a'a, wannan abu a da da giya ake ƙulla shi, ana kiran sunayen kakanni, mu kuwa mun fito daga duhu. Ba za ta hana ba, amma a kawo shi gaban Ubangiji. Wata ranar zumunta ta jera mu biyu-biyu a gaban bagade, kowace ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, tana faɗa muna maimaitawa: ba zan buɗe ba, ba zan ci ba, ba zan sayar ba, har mai shi ta zo, ko da daɗi ko da wuya. Ni har dariya ta kama ni, na raɗa wa Adda cewa yau an ɗaura mana aure. Ba ta yi dariya ba. Na ga leɓenta yana motsi, tana sake faɗin kalmomin ita kaɗai.

Haka muka yi ta yi, shekara bayan shekara. Da kaka ta yi zan ɗauki sabon gora in hau mota zuwa Bahuli, da kwanon dafaffen wake da manja a hannu, saboda mijinta. Mai gyaran keke ne a bakin hanya, Yaya nake ce masa, kuma tun da na san shi bai taɓa barina na shiga gidan ba tare da ya tsokane ni ba.

“Ga mai waken zinariya ta iso,” zai ce, yana goge baƙin mai a hannu. “Ƙanwata, ki sani, wata rana sai na fasa goran nan na sa an toya mini ƙosai.”

Ni kuma in ce, “Ka fasa mana, Yaya. Allah na kallonka.”

Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya jawo kwanon. Daga baya ciwon sukari ya kama shi, a asibiti aka ce ya rage tuwo ya riƙa cin wake, sai ya ce ai shi tun tuni ƙanwarsa ta ba shi wannan magani. Da maigidana ya rasu, Yaya ne ya zo da keke ya kwana uku yana zaman makoki, yana korar mini masu yawan surutu.

Sai shekarar da masu bindiga suka shigo Mubi. Ranar kasuwa ce, ina zaune gaban buhun masara ina ciniki, muka ji harbi ta ko'ina. Ban koma Digil ba. Da zanen da ke jikina na bi ayarin mutane ta hanyar Maiha, ƙafa ta kumbura, takalmi ya tsinke, har Allah ya kai mu Yola. A harabar wata coci muka zauna, ana dafa mana shinkafa a manyan tukwane. A can na haɗu da 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, duk da ransu, na gode wa Ubangiji. Amma ba zan ɓoye ba, bayan na ga 'ya'yana, abin da ya tsaya mini a rai shi ne wake. Na gonata yana nan a tsaye ban cire ba. Labari ya zo cewa an ƙone ƙauyen uwata, ita kuwa ta daɗe a ƙasa. In na Digil ya tafi, to, duk duniya babu sauran irin nan sai wanda ke cikin gora a Bahuli. Mutane suna addu'ar gidaje da shanu, ni ina durƙushe ina roƙon Allah ya tsare mini gora.

Ba mu dawo ba sai gab da damina. Gidana babu rufi, rumbu ya zama toka, gona shanu sun tattake ta ƙarƙaf. Ɗakin da na rataye goran gujiyar Adda ya ƙone da duk abin da ke ciki. A nan ne kuma na ji cewa Yaya ya rasu a kan dutse, inda mutanen Bahuli suka gudu suka ɓuya.

Na tafi gaisuwa. Na tarar da Adda a gindin bango a zaune, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na durƙusa na ce, “Adda, ya haƙuri?” Ta ce da godiya. Muka yi addu'a, na yi kuka, don Yaya mutum ne. Na gaya mata gujiyarta ta ƙone, ta ce ba komai, wuta ba ta san ajiya ba. Ina maganar idona yana yawo a ɗakin. Ta lura. Ta tashi a hankali ta shiga ciki ta fito da goran, lakar bakinsa ko tsagewa ba ta yi ba. Igiyar da ta ɗaure shi da ita a ƙugu lokacin gudu tana nan a wuyansa.

Na rungume shi ina cewa Allah mai alkawari, Allah mai alkawari. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Ya roƙe ni, kin sani.”

Na ce, “Wa?”

“Yayanki. Maganinsa ya ƙare tun kwanakin farko. Abin da muke samu a dutsen sai ɗanyar masara da rake da yara ke sauka su karyo, shi kuwa kin san ba abincinsa ba ne. Da farko da wasa ya faɗa, ya ce ranar ƙosai ta zo. Daga baya ba wasa. Akwai wata mata da ta gudo da tukunya, ta ce in kawo ta dafa masa.” Ta murza bakin zanenta. “Na ce masa na ɗora hannu a kan Littafi. Ya dube ni ya ce, to, shi ke nan, Allah na kallo. Bai sake tambaya ba.”

Wallahi ji na yi goran ya yi mini nauyi a cinya. Maganata ce ya maimaita, wadda na saba jefa masa muna dariya. Na ce, “Adda, wake ne fa. Wake. Me ya sa ba ki fasa ba?”

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. “Kin so in ci amanarki a gaban Allah, ga mutuwa a kanmu? In mutu da wannan a wuyana?”

Na ɗauki gorana na hau hanya, ban ma tsaya neman mota ba, na bi ta mayo, wato rafi, da ƙafa don babu ruwa a cikinsa.

Na san abin da za a ce. Wani ma'aikacin asibiti ɗan cocinmu ya riga ya faɗa mini, wai mai irin ciwon nan in magani ya yanke, wake gora guda ba zai tsayar da shi ba. Wataƙila gaskiyarsa. Ni ba likita ba ce. Abin da na sani shi ne mutum ya roƙi abinci a bakin mutuwa, abincin yana ɗaure a ƙugun matarsa, kuma da sunana aka hana shi.

A lokacin gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana zaune a wurina, don nata gidan ma ya tafi. Tsohuwa ce tukuf, ba ta gani sosai, amma kunne da ƙwaƙwalwa lafiya lau. Ina fasa lakar bakin goran na ba ta labari. Ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

“Wa ya koya muku wannan ajiyar?” ta ce. “Mu a dutse ba haka muka yi ta ba. In yunwa ta zo, mai riƙo ta buɗe ta ci, ita da gidanta. Tafin hannu ɗaya kawai za ta bari. Wa zai ba ki ajiyar abinci ya ce ki mutu kusa da shi? Ai iri ba ya son yawa, 'yata.”

Na ce, “Gwaggo, me ya sa ba ku taɓa faɗa mana ba?”

Ta ce, “Kun tambaye mu? Kun ce namu na duhu ne.”

Ashe da aka wanke al'adar aka shigo da ita coci, an zubar da giya, an zubar da sunayen kakanni, an haɗa har da tausayin an zubar. Mutanen da muke kira na duhu sun bar wa mai yunwa ƙofa, mu masu haske muka toshe ta da laka, muka ɗora hannu a kan Littafi. Na zauna a ƙasa ina zagin uwar zumunta a kabarinta, Allah ya gafarta mini, amma ihu ne bayan hari.

Damina ta sauka. Ba ni da shanun huɗa, ba ni da ƙarfi, ɗan fili ne kawai na iya sharewa a bayan gida. Abin da na shuka bai fi tafin hannu ba, kamar dai yadda Gwaggo ta ce. Ragowar na mayar cikin goran na toshe da tsumma. Waken kuwa, kamar da gangan, ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Kowace safiya in na fita na ga ya yi luf-luf sai zuciyata ta ƙara baƙi.

Da kaka aka yi sujadar godiya ta haɗin gwiwa a cikin garin Mubi, a ƙarƙashin rumfa, don rufin cocin bai koma ba tukuna. Mutanen Digil da na Bahuli duk mun je. Baba Fasto ya yi wa'azi a kan mutumin da ke cika alkawari ko da zai cuce shi. Ban san wa ya kai masa labarin ba. Sai kawai na ji ya kira Adda ya ce ta miƙe tsaye. Ya ba da labarin goran tiryan-tiryan, ya ce ga bangaskiya, ga amana, ku duba ku koya. Mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga waƙar nan ta alkawari, ana juyowa ana kallona ana murmushi, wai ni ce mai sa'ar ƙawa. Adda tana tsaye kanta a ƙasa. Na tattara zanena na fita.

Da aka tashi na tare shi a bayan rumfa. Na ce, “Baba Fasto, a yi mini haƙuri, ni ban yi makarantar Littafi ba, amma ina da kunne. Ba kai ka karanta mana labarin sarkin nan da yunwa ta kama shi yana gudun ransa, ya ci gurasar da aka keɓe wa Allah ba? Ubangiji da bakinsa bai ba shi gaskiya ba? Da almajiransa suka murtsuke hatsi ran Asabar suka ci, ya tsawata musu? Shi kansa da ya zo ƙulla sabon alkawari da mu, ba gurasa ya gutsuttsura ya ce a karɓa a ci ba? Nasa alkawarin ci ake yi, Baba. Namu ne na kallo. Mutum ya mutu da yunwa, kai ka sa ana guɗa.”

Na zata zai yi fushi, in samu abokin faɗa. Bai yi ba. Shi ma ƙaninsa bai dawo daga gudu ba, kowa ya sani. Ya cire tabarau ya share ido ya ce, “Mama, duk abin da kika faɗa haka yake. Da ina kan dutsen da ni zan fasa goran da hannuna. Amma ta zo wurina ba sau ɗaya ba, tambayarta guda: ta yi daidai ko ta kashe mijinta? Abin da ya rage mata ke nan, cewa ta yi daidai. In kin ƙwace shi, me za ki ba ta a madadinsa?”

Na ce, “Gaskiya zan ba ta.”

Ya ce, “To, ki je ki ba ta.”

Na tafi ina huci. Har yau ban yafe masa guɗar nan ba. Yana iya ta'azantar da ita a ɗaki, ba sai ya koya wa 'yan mata cewa haka ake yi ba. Amma maganarsa ta bi ni har gida ta ƙi sakina.

Da na gama sussukar wake na cika sabon gora, na dafa wani da manja yadda na saba, na hau mota zuwa Bahuli. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Zan gaya mata abin da Gwaggo ta ce. Zan ce mu warware tsohuwar rantsuwa mu ƙulla sabuwa, in wuya ta zo kowa ta buɗe ta ci. Inda Yaya yake gyaran keke wani ya kafa teburin sayar da fetur a kwalba. Ba wanda ya tsokane ni, na shiga gidan da sallama kamar baƙuwa.

Ta shimfiɗa mini tabarma. Na buɗe kwanon, ta kawar da kai ta ce a ba yara, ita tun daga dutse ba ta sa wake a baki. Na ajiye sabon goran a tsakaninmu. Na buɗe baki ke nan sai ta riga ni.

“Ƙanwata, in tambaye ki. Wancan da na ajiye miki, ya isa?”

“Ya isa, Adda.”

“Duka kika shuka?”

Ta tsare ni da ido. Nan na gane abin da take lissafawa tun daga dutse, dare da rana: da ta ɗiba masa ko rabi, da ya rage mini abin shukawa?

Na ce, “Duka, Adda. Ko ƙwaya ban rage ba. Da ya gaza haka da bai kai ba, rabinsa ma bai tsiro ba.”

Ta sauke wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauko. Ta ce, “To, madalla. Na gode wa Allah.” Ta jawo sabon goran ta shafa lakar bakinsa, ta fara maimaita kalmomin nan, ba zan buɗe ba, ba zan ci ba, ni kuma ina zaune ina ji, ban iya tsayar da ita ba.

Na yi ƙarya da bakin da nake karɓar jibin Ubangiji, kuma ban tuba ba. In laifi ne, ranar shari'a a jera ni da waɗanda suka koya mana rantsuwar, a tambaye mu tare, ina da abin faɗa.

Ragowar waken yana nan a tsohon gora, igiyar ƙugunta a wuyansa. Damina ta sake zagayowa na ɗauko shi in shuka, hannuna ya ƙi. Ba na iya dafa shi, ba na iya zubar da shi, abincin Yaya ne. Yanzu ko an shuka ba zai fito ba. Yana rataye a bayan ƙofar ɗakina, kuma duk ranar da yara suka ce mini ga Adda nan tafe, kafin in ɗauko tabarma sai na fara tura shi ƙarƙashin gado.